Kakana Ya Yi Jami'a

Duk sanda na wuce inda ake gini, aka watsa wa siminti ruwa ƙamshinsa ya tashi, kakana nake tunawa, mahaifin babana. Manomi ne a Jajaye ta ƙasar Rogo, gyaɗa da dawa ya sani. Ni kuwa jikarsa ce ta fari, don haka amaryarsa yake ce mini, ni ina ce masa tsohon angon da ba na so.

Idan damina ta ɗauke aka kawo gyaɗa gida, da hantsi mukan zauna ɓara a gindin rumbu, ƙasa tana shiga farce, shi yana ba da labarin Samaru. Yana saurayi ya je can cin rani, shekara uku a jere, lokacin da gwamnati take gina babbar makarantar nan ta kusa da Zariya. Ya ce ya tarar da wurin 'yan gidaje ne da gonaki da kukan kanari, sai motocin yashi da ke shiga suna fita. Ba ya rufe labarin sai ya buga gwiwarsa ya ce, "Ai mu muka yi jami'a." Ni dai wannan kalmar na riƙe, sauran na bar wa iska.

Ina aji huɗu na firamare malaminmu ya tambaya ko akwai wanda wani nasa ya yi jami'a. Ni kaɗai na ɗaga hannu, kuma da ƙarfina na ce kakana. Malamin ɗan garinmu ne, ya san gidanmu ciki da waje. Ya yi dariya har da riƙe tebur, ya ce, "Ƙwarai ya yi ta, da kwanon kankare a ka." Aji ya ɗauka. Kafin a tashi an raɗa mini suna jikar farfesa.

Na dawo gida ban ko cire kayan makaranta ba. Na same shi yana gyaran ƙotar fartanya, na tsaya a kansa na ce, "Ashe lebura ka yi, kake ce mana ka yi jami'a." Kun san tsakanin jika da kaka babu abin da ba a faɗa, har mutuwa ana tsokanar juna da ita. Amma wasa yana da murya, kuma ya ji ba da ita na zo ba. Ya dube ni ya ce, "Haka ne, amarya. Lebura na yi." Ya ci gaba da aikinsa. Daga ranar bai ƙara ambaton Samaru ba, ko da ƙannena sun roƙe shi. Gyaɗar shekarar a shiru muka ɓare ta.

Allah da ikonsa, can ɗin na samu gurbin karatu. Na tarar da gari cike da ɗalibai da masu sayar da littattafai da 'yan acaɓa, babu ko alamar gonakin da ya faɗa. An koya mana tarihin makarantar tun makon farko, da sunayen manyan da suka kafa ta, kowanne an rubuta nasa a goshin gini. Na sha niyyar in na koma gida in ce ya yafe mini, in roƙe shi labarin daga farko. Kunya ta hana ni, kullum ina cewa sai hutu na gaba.

A hutuna na ƙarshe da na same shi da rai, idonsa ya riga ya tafi. Na durƙusa na gaishe shi, ya lalubo hannuna ya riƙe. Sannan ya ce, "Amarya, matakalar nan ta gabas, wadda ke hawa bene na uku, ta tsage?" Na ce, "Ba ta tsage ba, Kaka." Ya ce, "To, alhamdu lillahi. Mun dama ta da kyau." Ya saki hannuna, fuskarsa ta saki.

Gaskiyar magana ban san wadda yake nufi ba. Shekara uku ina hawa ina sauka a makarantar, ban taɓa duban abin da nake takawa ba, kuma nauyin in tambaye shi wane gini ne ya fi ƙarfina.

Yanzu 'yata ce ke karatu a can. Garin ya haɗe da Zariya, an ƙara gine-gine, an sake wa tsofaffin fenti, daga Jajaye ma yara suna zuwa ba a mamaki. Idan na kai mata ziyara nakan bar ta a ƙofar ɗakin kwanansu in zaga tsofaffin benaye, ina bin duk matakalar da ta dubi gabas a hankali, ina shafa gefenta. Wasu sun tsage, wasu suna nan garau. Masu gadi suna tambayata ko na yar da wani abu ne, in ce musu a'a, dubawa kawai nake yi.