Buhunan Suruki a Rudun Arzika

Idan ka ratsa kwarin Tama ka ga wani dogon mutum da hancinsa kullum a yamutse, kamar an miƙo masa abin da ya kwana uku a kwano, to Arzika ke nan. Ba haka aka haife shi ba. Albasa ce ta yi masa wannan gyaran fuskar.

Tun yana saurayi yake noman albasa a garkar ubansa, kuma tun lokacin abu guda ke ƙona masa rai. Kowa ya cire tasa a wata guda, kowa ya kwaso ta kasuwa, dillalai su miƙe ƙafa a inuwa suna sakace haƙora suna taya ta kamar kashin awaki. Da ya ɗan samu ƙarfi sai ya gina rudu, ɗakin kara da shuci da ake ɗagawa bisa itace don iska ta riƙa ratsa albasa. Ya ce shi da sayarwar bazara sun raba gari. Zai ajiye har damina ta yi nisa, albasa ta yi wuya, a zo ana gaishe shi da hannu biyu.

Dabarar ta ci. Alhaji Habibullahi na Madawa, mai loda kamiyo, wato babbar motar kaya, zuwa Abijan, ya gwada shi shekara biyu, sannan ya ce duk abin da ke rudun Arzika nasa ne, ba sai an kwance buhu ba. Garkar Arzika ba ta cika rudun, sai ya shiga sayen ta maƙwabta, kuma nan ne ya yi baƙin jini. Albasar ajiya ba ta son taki da yawa, ba ta son ruwa dab da cira. Amma da yake buhu ake biya, mutane sai su ɗirka mata takin zamani, su yi ta ban ruwa har ranar cira, ta kumbura kamar kan jinjiri, cikinta fal ruwa. Arzika kan zazzage kowane buhu ƙasa, ya danna wuyan albasar da babban yatsa. Idan ya lotsa, kwashe kayanka. Ya mayar da na liman. Ya mayar da na ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya, suka yi damina guda ba sa gaisawa.

Ana nan sai ga amalanke daga Galma, bisa kanta Malam Maiguwa, uban matarsa Tabawa, ya hakimce kan buhuna. Arzika ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa.

"Yaro, na ji an ce kana sayen albasa. Nac ce mi za ya sa in kai ma bare, ga ɗana?"

"Gaskiya ne, Baba."

Tun daga inda yake tsugune Arzika ya hango albasar ta bakin buhu, jajir, tana sheƙi, kowace ta fi dunƙulen hannu. Babban yatsansa har ƙaiƙayi yake. To amma a ƙasar nan mutum ba ya cin abinci gaban surukinsa, ba ya kiran sunansa, balle ya zazzage masa buhu a bainar jama'a. Aka shige da kayan rudu, aka juye kan na mutanen kirki.

"Maigida, ka ko diba ta?" in ji Tabawa bayan uban ya tafi.

"In diba ta Baba?"

"Ni dai na san shi da taki. Ko barkono ya shuka sai ya ba shi awa mai jego."

"Ke ɗiyatai ce. Ni hwa?"

Ruwan farko bai daɗe da sauka ba ƙudaje suka gano rudun. Sai wani baƙin ruwa mai yauƙi ya fara ɗiga ta ƙarƙashin itacen. Wari kuwa, jakin maƙwabci da kansa ya sauya hanya. Ruɓaɓɓiyar albasa ba ta mutuwa ita kaɗai, sai ta ja na kusa da ita. Arzika ya ɗaure hanci da rawani ya shiga tsinta, hannunsa na nutsewa cikin abin da ya fi kama da kunun da ya lalace, tsutsotsi na bin yatsunsa.

Yana cikin wannan aikin Alhaji Habibullahi ya iso da kamiyonsa. Malam Maiguwa ma ya zo jaje, yana zaune can gefe bisa tabarma da carbi. Alhaji ya ɗauki albasa guda da yatsu biyu, ya matsa, ta fashe masa a hannun riga.

"Arzika, wagga ba taka ba ce. Na san hannunka. Hwaɗa mini mai ita in san wanda zan guje ma, ni da kai mu ci gaba awa da."

Arzika ya dubi rudun, ya dubi kamiyon da ya sha wahalar shekaru kafin ya jawo shi Tama. Bai dubi tabarmar ba, don ba a duban suruki ido cikin ido. Carbin dai ya daina motsi.

"Tawa ce, Alhaji."

"Taka."

"Tawa ce. Hannuna ya zarce wajen taki."

Alhaji ya goge hannunsa da ƙasa, ya ce Allah shi kyauta, ya hau kamiyo. Daga ranar yake lodi a Keita.

Da ƙarar motar ta ɓace, Malam Maiguwa ya tashi ya kakkaɓe riga, ya toshe hanci da gefen rawani, ya matso.

"Haƙuri, yaro. Amma ka ji ta bakinka da kanka. Ku yaran yanzu ba ku da haƙurin noma, komi sai taki. Baɗi in na kawo tawa, ka ware mata gehe guda, kar taka ta ɓata mini ita."

"To, Baba," in ji Arzika, yana durƙushe cikin ruwan albasa.