Ya Kaltumi Mai Igiya da Sangen Zulaihatu

Shekara da shekaru, kafin rana ta yi zafi, Ya Kaltumi ta riga ta zaga bayan kasuwar tattasai ta Diffa, ta dawo da ƙunshin yagaggun buhuna da tsofaffin sange, wato gidan sauro. Ta wanke, ta shanya, ta tsattsaga, sannan ta miƙe ƙafa tana tufka. Igiyarta ce ke ɗaure jakuna da kwalayen bandar kifi har garin Geskeru. Bana ta ajiye sana'ar, yatsu sun ƙi. To, ba za ta ajiye a yi shiru ba.

Dokarta ɗaya ce: abin da ya gama aiki kaɗai take tufkawa. An gwada ta kuwa. Wata damina Fannami, dillalin kifi, ya ba ta aikin igiya mai yawa, ga kayan tufka sun yi wuya. A lokacin aka raba sababbin sange a sansanin 'yan gudun hijira na Assaga. Da aka ji tsoho take saye, sai wasu suka riƙa sa wa sabo wuƙa, su tumurmusa shi a ƙasa. Yunwa ce, ba mugunta ba.

Zulaihatu, 'yar gudun hijira mai goyo, ta kawo nata. Ya Kaltumi ta kai shi hanci, warin maganin sauro na nan daram, sabo ne aka yaga.

"'Yata, jaririyar nan a me za ta kwana?"

"Inna, tun jiya ban sa komai a baki ba. Nonon ma ya ƙafe."

Tsohuwar ta jujjuya sangen tana lissafi. Idan ta saya, gobe kowa zai yago nasa ya kawo, ga kogin Komadugu ya cika, sauro kamar hayaƙi. Idan ta ƙi, uwa ta koma da yunwa. Sai ta ɗauko allura ta ɗinke yagar tsaf, ta auno gero, ta haɗa mata da sangen.

"Wannan ba kuɗin sange ba ne, kin ji ko? Gobe ki zo in koya miki tufka."

Fannami ya zo yana ta faɗa: "Haba Ya Kaltumi, igiya nake so, ba wa'azi ba!" Ya kai aikinsa wani wuri, bai kuma dawo ba. Ta ji jiki a daminar nan, wallahi, har akuyarta ta sayar.

Ya Kaltumi, ke ce kika zauna a ƙofar gida kina ɗinke sangen mutane kyauta, kina yi musu tsiya, har suka gaji suka daina yagawa. Ba wanda ya sa ki, ba wanda ya biya ki. Mun gode, Ya Kaltumi, Allah Ya saka miki da alheri.

Masu tufka da masu saƙa, ku riƙa tambayar inda kayan aikinku suka fito. Zulaihatu ba ta yi asarar 'yarta a daminar nan ba. Bara ta sa ta makaranta.