Garin da Aka Ce Mana Yana Sama

Ina tankaɗe garin dawa a tsakar gida, da hantsi, sai na ji babur ya tsaya a ƙofa ba a kashe shi ba. Mijina ya fita, ya daɗe, sannan ya dawo ya tsaya kusa da turmi yana kallon kaji. Ya ce Yaya ta rasu da asuba a gidanta na hanyar Danko, bayan kwana huɗu tana zazzaɓi. Na ce to. Na ƙarasa tankaɗen, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba. Da na shiga ɗaki neman zanen da zan ɗaura, hannuna ya faɗa kan tsohon ankonmu na zumuntar mata, wanda ƙaya ta yage wa gefe. Ina jin nauyin faɗin haka, amma dariya ce ta riga kuka zuwa mini. Dalilin dariyar nan nake so in rubuta.

Yaya ta girme ni da shekara tara, ita ta goye ni, kuma har ta bar duniya Auta take kirana. 'Ya ɗaya Allah ya bar mata. Yarinyar ta tafi Yauri koyon ɗinki, ta dawo da labarin wani masunci Musulmi da ke son ta. Yaya ta ce ba ta yarda ba. Mutane sun zaci addini ne ya kawo rigimar, amma ba shi ba ne. A gidanmu akwai masu zuwa coci, akwai masu zuwa masallaci, tuwo ɗaya muke ci. Abin da ya ci wa Yaya rai shi ne golmo. A wurinmu saurayi yakan yi shekaru yana yi wa iyayen yarinya noma kafin a ba shi ita. Ko a lokacin al'adar ta yi sauƙi, wasu damina ɗaya suke yi a ce an yi, amma shi wannan ko fartanya bai iya riƙewa ba. Ya aiko da busasshen kifi kwando guda, Yaya ta mayar. Takan ce, mutumin da bai yi mata kunya ko ɗaya a gona ba, ai ba shi da ita ne a ido. Yarinyar ta bi mijinta wani gari a bakin kogi, ita kuma Yaya ta rantse a gaban mutane cewa ƙafarta ba za ta taka garin ba.

Shekara shida aka yi a haka. Mun ji an haifi ɗa namiji, a bakin wata mai sayar da kifi muka ji.

Sai aka yi taron zumuntar matan coci na kwana uku a Yauri. Lokacin wayar hannu ta fara shigowa garinmu Zuru, a cikinmu uwar zumunta kaɗai ke da ita, ta rataye a wuya tare da usur. Matar tsohon saje ce, ta yi shekara ashirin a bariki, kuma duk abin da ta gani ana yi wa kurata ta kawo shi cikin zumunta. Ta sanar cewa ranar ƙarshe za a ɗauki hayar babban jirgi mai inji a kai mu shan iska a kogi, a tsaya wata tasha mai kasuwa, mota ta ɗauke mu zuwa cocin da za su ba mu abinci, ƙarfe uku a juyo. Yaya, wadda ko rafi ba ta tsallakewa sai ta riƙe hannun wani, ita ta fara ba da sunanta. Na yi mamaki, sai da na ji sunan tashar. Garin 'yarta yana kusa da wurin.

Ban tambaye ta dalili ba. Na dai ga ƙullin da ta ɗauko daga gida ya fi na kwana uku girma, yana kuma ƙamshin daddawa.

A cikin jirgi mu matan dutse mun yi waƙa da ƙarfi ƙwarai, ba don murna ba. Duk sanda jirgin ya karkata sai waƙar ta ƙara sama. Yaya ta rufe ido tun daga Yauri, ta damƙe mini gwiwa har sai da wurin ya yi shati. Da muka sauka, uwar zumunta ta busa usur, ta jera mu biyu-biyu, ta ce ba mace ɗaya da za ta motsa ita kaɗai, wadda ta ɓata kuma jirgi ba zai jira ta ba. Nan Yaya ta dafe ciki, ta ce ruwan ya juya mata hanji, ba za ta iya shiga mota ba, a bar ta a inuwa ta huta. Ta yi nishi mai kyau, har ni na kusa yarda. Uwar zumunta ta dube ta sama da ƙasa, ta ce in zauna da ita, kada mu wuce gindin tsamiyar nan.

Motar na shan kwana Yaya ta miƙe ta kakkaɓe zane. Ta ce, "Ke Auta, ɗauki ƙullin nan. Ba wurin kowa za ni ba, garin kawai nake so in gani."

Na ce ai na sani, mutum yakan kai wa gari daddawa.

Ta harare ni, muka tafi.

Ba mu san hanya ba, kuma Yaya ba ta son tambayar mata, wai bakinsu ya fi jirgi gudu, kafin mu isa labari ya riga mu. Sai muka sami wani dattijo zaune a kan kifaffen kwalekwale yana gyaran taru. Muka gaishe shi, Yaya ta faɗi sunan garin ƙasa-ƙasa kamar mai sayen abin kunya. Ko kai bai ɗaga ba, zare a bakinsa, ya ce, "Sama shi ke, Inna. Ku hau, ba nisa."

Muka yi godiya. Muka juya, ga dutse a bayan kasuwar, da 'yar hanya tana hawa tsakanin duwatsu. Ba wadda ta yi shakka a cikinmu. Mu da aka haifa a gindin dutse, kakanninmu a kansa suka zauna, a kansa suke kwance. In an ce mana gari yana sama, mun san inda sama take. Yaya ma har ta ji daɗi. Ta ce ashe mutanen suna da ɗan hankali, tunda ba a cikin laka suka kafa gari ba.

Hanyar ta awaki ce, amma ba mu gane ba sai daga baya. Da farko muna tafiya muna hira. Yaya tana tsara yadda za a yi: ni zan shiga in yi sallama, in ce wucewa muke yi ƙishirwa ta kama mu, ita za ta tsaya a waje. In yarinyar ta fito ta durƙusa, to. In ba ta durƙusa ba, a ajiye ƙullin a juya. Na tambaye ta rantsuwar fa? Ta ce a kan ƙafarta ta rantse, kuma ga shi takalmi ta sa. Can hanyar ta ƙanƙance, hira ta mutu. Ƙaya ta kama mini zane, na ja ya yage. Yaya tana gaba, mace mai shekara hamsin da wani abu, tana hawa da hannu da ƙafa, tana cewa lallai yarinyar nan ta sha wuya in nan take bi da tulu kullum. Na ji muryarta ta canza da ta faɗi haka, sai na yi kamar numfashi nake nema.

Da muka kai ƙoli ba mu tarar da kowa ba. Faffaɗan dutse ne, da bishiya ɗaya, da kashin awaki. Yaya ta zagaya har bayan bishiyar, kamar za ta sami garin ya ɓuya a can. Ni na juya wajen kogi. Daga nan ana ganinsa gaba ɗaya, da jirginmu ɗan ƙarami a tasha. Can ta wajen da ruwan ke gangarowa, a bakin gaɓa, ga gari nan a shimfiɗe da rufin kwano yana ƙyalli. Ƙananan kwalekwale suna ta kai da kawowa tsakaninsa da tashar da muka baro, kamar tururuwa. A lokacin na gane. Su mutanen ruwa, inda kogi ya fito shi ne sama, inda ya nufa shi ne ƙasa. Da dattijon ya ce mu hau, kwalekwale yake nufi.

Na kira Yaya na nuna mata. Ta daɗe tana kallo. Sai kafaɗunta suka fara rawa, ta zauna daɓas a kan dutse tana dariya, ni ma na zauna. Mun yi dariya har cikina ya ƙulle. Ta ce ka ji mutanen da ba su san sama da ƙasa ba, su ne na ba 'yata. Na ce ai ba ki ba su ba, ɗauka suka yi.

Da dariyar ta lafa ta kwance ƙullin. Akwai daddawa, da garin jar dawa, da ƙuli-ƙuli, da rigunan yaro guda uku, kowace da girmanta, don ba ta san tsayinsa ba. Yunwa ta kama mu, muka ci ƙuli-ƙulin. Ta ce jikan bai san da shi ba, ba zai yi kuka ba. Tana ci tana kallon garin, ta kare ido da tafin hannu. Can ta nuna wani gida a gefe, ta ce shi ne, ga shanya nan an yi ta a karkace, yarinyar ba ta taɓa iya shanya ba. Daga inda muke ko mutum ba a rarrabewa da akuya. Na ce mata e, na gani.

Saukowa ta fi hawa wuya. Muka iso tasha rana ta karkata, ƙafafu duk ƙura. Dattijon yana nan inda muka bar shi. Ya tambaya ko mun sami mutanenmu lafiya, ni kuma bakina bai iya ɓoyewa ba, na nuna masa dutsen. Ya ajiye tarun, ya dube mu, ya dubi dutsen, ya tambaya daga ina muke. Da na ce Zuru sai ya gyaɗa kai kamar an warware masa wata tsohuwar matsala. Bai yi dariya a gabanmu ba, Allah ya saka masa. Ya ce shi da kansa zai kai mu, yanzu-yanzu, kafin a tauna goro an isa.

Amma an riga an fara tayar da injin babban jirgi, kuma ga ƙurar motar matanmu ta taso daga nesa. Na ce wa Yaya mu bar jirgin ya tafi, mu kwana can wurin yarinyar, gobe mu nemi mota. Ta taka har bakin ruwa. Ta sa ƙafa ɗaya a kwalekwalen, ya yi rawa, ta tsaya a haka, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a laka. Sannan ta janye.

Ta ce, "Haka zan faɗa musu gida, da ƙura har gwiwa, kamar wadda aka koro? Bari a yi girbi, Auta. In zo da shiri."

Na san ba kwalekwalen kaɗai ta ji tsoro ba, amma ban matsa ba. Ƙanwa ce ni, ban saba ba. Ta sa na yi mata alkawari ba zan faɗa wa kowa ba, musamman yarinyar.

Uwar zumunta ta sauko daga mota da usur a baki, ta ga zanena a yage, ta ga ƙafafunmu, ta tambayi inda marar lafiya ta samo wannan ƙura. Kafin in buɗe baki Yaya ta sunkuyar da kai, ta ce da ciwon ya tsananta sai ta ji a ranta ta hau dutse ta yi addu'a, kuma ga shi ta sauko garau. Uwar zumunta ta cire usur. Ta tara mata duka a bakin ruwa, ta ce su dubi bangaskiya, su da aka kai su cin shinkafa har suna faɗa a kan nama. Yaya aka sa ta yi mana addu'ar komawa. Ta yi ta da ido a rufe, ta sake damƙe mini gwiwa, wannan karon don kada in yi dariya. Shekara biyu ana kawo misalinta a zumunta, ita kuma tana karɓa da tawali'u. In muka haɗa ido a coci sai ta ɗan ɗaga haɓa wajen rufi, ni kuma in shiga tari.

An yi girbi, ta ce ƙafarta na ciwo. An yi na biyu, ta ce bari a gama rufin ɗaki. Ba ta ga na uku ba.

Yarinyar ta zo jana'iza da mijinta da 'ya'ya biyu. Mijin mutum ne mai shiru, shi ya karɓi shebur daga hannun wani ya yi ta aiki a kabarin har tafinsa ya fashe. Washegari ina wanke tukwane a bayan ɗaki ta zo ta tsuguna kusa da ni, ta ɗauki ɗaya tana gogewa. Sai ta ce:

"Inna, ko sau ɗaya ba ta taɓa cewa za ta zo wurina ba?"

Mata suna ta wucewa da kwanuka, ga alkawarin da na ɗauka, ga kuma tsoron kada in fara ba da labarin dariya ta kufce mini a gidan makoki. Na ce mata ta je ta ci abinci tukuna, za mu yi magana. Da rana aka sami motar Yauri, suka tafi.

Har yau ban faɗa mata ba.