Ranar da Baidi Wane Ya Ɗaga Kai

A duk faɗin garin Kaolack ba a taɓa samun wanda ya kalli Baidi Wane ido cikin ido ba. Manajan kamfaninsu ma sai ya ɗaga kai kafin ya yi masa faɗa. Ba kwarjini ba ne, don Baidi ko mai tallar kankana kunyarta yake ji. Tsawo ne kawai, mita biyu da ɗoriya, ya sauko masa tun yana saurayi, ya kuma zauna.

Tsawon ne ya ba shi aiki. Kamfanin man gyaɗar da ke bakin ruwa yana da ƙungiyar ƙwallon kwando, kuma duk ɗan ƙungiya ana rubuta shi ma'aikaci, a ba shi kujera a inuwa. Ranar da koci ya ajiye ka, ranar za ka san nauyin buhu. Baidi ya daɗe a inuwa. Dabararsa ɗaya ce: ya tsaya a gindin kwando, ya ɗaga hannu, a jefo masa, ya ajiye ƙwallon ciki kamar mai mayar da kwano kan kanta. Bai koyi tsalle ba, domin bai taɓa ganin dalili ba.

Sai labari ya zo cewa 'yan Louga, da za a kara da su a wasan kusa da na ƙarshe, sun samo dogaye uku.

Daga nan Baidi ya kasa zama. Ya shiga zarya tasha yana tambayar direbobin Louga tsawon mutanen, kowane direba yana ƙara taƙi guda a kan na baya. Ya dawo gida ya auna kansa da ƙofa. Ya ci shinkafa da kifi a tsaye. Ya gwada tsalle a ɗaki, karon farko a rayuwarsa, ya fasa ƙwan lantarki.

"Baban Kumba," in ji matarsa Rugi, tana share gilashin, "in yaƙi za ka tafi, ka bar mana fitila."

Ya je ya sami koci Latir Sene yana dafa shayi a bayan sito. Latir ɗan ƙabilar Serer ne, gajere, Baidi kuma ɗan ƙabilar Tukulor, wato abokan wasa ne tun kakanni.

"Koci, in sun kai ni tsawo fa?"

"Sai ku gaisa a can sama, bawana, ka ba mu labarin yadda ake ciki."

"Da gaske nake."

"To ji. Ka bar gindin kwando. Ka fita can waje, gefen fili, ka tsaya. Babban dogonsu zai bi ka, sauran biyun kuwa nauyi gare su, yaranmu za su bi ta ƙasansu."

"Ni kuma me zan yi a can?"

"Abin da ku Tukulor kuka fi iyawa. Ka tsaya ka kalli mutane suna aiki."

"In ban ci ko ɗaya ba, buhu fa?"

"Sha shayinka," in ji Latir.

Ranar wasa aka yi layin gaisawa, Baidi ya ga ƙasan haɓar wani mutum. Bai taɓa ganin wannan wurin a jikin kowa ba. Ya ɗaga kai, wuyansa ya yi ƙara.

Dabarar ta yi aiki fiye da yadda ta cancanta. Direbobin da suka kawo labarin Louga su ne suka kai labarin Baidi can, da irin ƙarin da suka saba, don haka an gargaɗi dogon Louga kada ya rabu da shi ko ina ya nufa. Suka tsaya tare nesa da kwando kamar masu jiran mota, gajerun 'yan wasan Kaolack suna ta shigewa suna zubawa. Amma ƙafafun Baidi sun saba da gidansu. Sau ɗaya suka ja shi gindin kwando, ya ɗaga hannu, aka jefo. Wani hannu ya zo ta samansa ya ɗauke ƙwallon. Ya koma waje ba tare da an ce masa komai ba.

Dab da tashi ya gaji, domin tsayuwa a inda ba ka saba ba aiki ce. Latir ya sa Njogu a madadinsa, wani gajere da ke iya jefawa daga nesa. Dogon Louga ya bi Njogu waje shi ma, har da gudu, saboda wannan in aka ƙyale shi ci yake yi. Kowa a filin ya gani, har da manaja. Kaolack ta ci wasan. Baidi bai ci ko ɗaya ba.

Wasan ƙarshe da Njogu aka fara. Sai dai Serer ba ya tura Tukulor ɗaukar buhu ya kwana lafiya, don haka Latir ya shiga ofishin manaja ya daɗe bai fito ba.

Yanzu Baidi ne ke canza ƙwan lantarki a kamfanin. A watan da ya fara suka sayar da tsaninsu.