Ramin da Likita Ya Bari a Kan Gwadabe

Gwadabe helma ne, wato shugaban leburori, a wata majemar fatu da ke Challawa a Kano, kuma hannunsa na dama ya fi shi suna. Da shi ya karya wa wani lebura haƙarƙari. Da shi ya kurmantar da kunne ɗaya na matarsa Uwani, ya kuma zubar wa ɗansa Lawan haƙoran gaba don ya yi tari ana sauraren labarai a rediyo. A unguwa cewa ake yi mutum ne mai son tarbiyya.

Sai hannun ya kama karkarwa. Ko kofin koko ba ya iya kaiwa baki, in ya kai mari sai ya sauka a jikin ƙyaure. Uwani ke ba shi abinci a baki. A shekarun nan ta yi ƙiba, 'yan dubiya suna ta yaba haƙurinta.

Wajen 1983 mai majemar ya lura leburori sun fara dariya a bakin aiki, sai ya tura Gwadabe asibiti a Masar, Lawan ya raka shi. Likitoci suka huda ƙoƙon kansa ta hagu, suka ƙone wurin da ke kawo rawar. Ya dawo da hannu tsaye ƙyam, aka yi sadakar waina. Lawan ya kwashe kayansa ya koma Hotoro, amma kafin ya tafi ya gaya wa uwarsa gargaɗin likita: babu ƙashi a wurin hudar, fata ce kawai, kada ko bakin ƙofa ya taɓa shi.

Ita ke wanke tabon kullum, ta san shi kamar tafin hannunta.

Ranar da gishiri ya yi yawa a miya mari ya dawo, ya sauka cif a kunnen da ya rage. Uwani ta faɗi gefen murhu, leɓe ya fashe. Ta tofar da jini, ta miƙe da muciya a hannu. Yana ɗaga hannu zai ƙara, ta ture masa hula, ta ɗora kan muciyar daidai kan tabon, a hankali.

"Malam, nan ne likita ya ce a kula da shi, ko?"

Hannun ya tsaya a sama, ko motsi ba ya yi. Aikin Masar ya yi kyau. Can sai ya sauka.

Daga ranar Gwadabe da hula yake barci, muciya kuma ta koma zama bakin gadon Uwani. Maƙwabta suka ce likitocin Masar har zafin rai suke cirewa, ita ma ta kan ce haka ta ji.