Ruwan Tsamiya a Cikin Kaka

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Baudeta ya san Mamman Sofer, in ma bai san shi ba ya san motarsa, tsohuwar Fijo mai buɗaɗɗen baya, fara a da, yanzu launin ƙasar hanya, wadda mata 'yan kasuwa ke kira Kaka. Tun yana yaron mota yake rataye a bayanta. Da maigidansa ya tsufa ya bar masa ita, ya ci gaba da jigilar buhunan hatsi da awaki da tsofaffi zuwa Tasawa, ranar kasuwar Mayahi ya leƙa can. A cikinta ya kai matarsa Zara'u asibiti haihuwar fari.

Ciwon Kaka ɗaya ne, zafi. Ruwan rijiya take sha tun tana sabuwa, tsatsa ta cika mata lagireto, in kuma ya fara ɗiga sai Mamman ya buɗe murfi ya zuba garin kuka, kukar ta kumbura ta toshe ramin. Duk makaniken da ya ce a wanke, amsa ɗaya yake samu: "Ba a yi ma tsohuwa wankin ciki. Dauɗar ce ke riƙe da ita."

Ɗan da aka haifa a waccan tafiyar shi ne Cha'ibu. Ɗan fari ne, don haka Mamman bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa dafa kansa a gaban mutane ba. "Kai" yake ce masa, in ba ya nan "yaron nan". Bana, da aka gama girbi rumbu bai kai rabi ba, yaron nan ya aiko uwarsa da magana: yana son Kaka, zai tafi arewa ya riƙa kai wa masu haƙar zinariya ruwa a bido, manyan jarkokin nan.

Mamman ya san arewa. Ƙanensa Ƙadri can ya nufa a saman kayan wani kamiyo, babbar motar kaya. Kamiyon ya isa, Ƙadri bai isa ba. Aka ce barci ya ɗauke shi ya faɗo, ba wanda ya lura. Amma uba ba ya ce wa ɗan fari ina jin tsoro, zauna kusa da ni. Sai ya yi dariya a majalisa ya ce, "In ta je Tasawa ta dawo ba ta tafasa ba, ya ɗauka." Ya san ba ta taɓa yi ba.

Abin da bai zata ba, Cha'ibu ya zo ya durƙusa ya ce a ba shi izini ya wanke lagireton. Abin da kuma gari bai zata ba, Mamman ya ce to. Har shi ya kawo shawarar tsamiya.

"Malam, tsamiyar kununa ce ka kwashe duka?" in ji Zara'u da safe, ta same shi yana murza ta cikin roba.

"Tsatsa ta yi yawa."

"Kai da ko ruwan sabulu ba ka bari a zuba mata?"

Ta tsaya tana kallon hannunsa, yana ta matsa tsamiyar har ruwan ya yi kauri, sannan ta ɗauki tsintsiyarta.

A ƙofar gida Cha'ibu ya kwance tiyon ƙasa, ruwa ya zubo ja wur, da gudaji-gudaji kamar miyar kuka da ta kwana. Mamman ya tace tsamiyar da tsohon ɗankwali, ya ɗura, ya ce a ta da inji ya yi zafi a kashe, a bar ta ta jiƙa har la'asar. Ya zauna a gindin itacen bedi da carbi, ya ja ya ja, bai san inda yake ba. Kowane rami da ke jikin lagireton nan ya san ranar da ya toshe shi. In tsamiya ta yi aikinta, duk za su buɗe, Kaka ta mutu a tsaye, maganar arewa ta mutu da ita, kuma ba wanda zai ce ya karya alkawari. In kuma ba su buɗe ba fa? Yau kam bai san abin da zai roƙi Allah ba.

Da la'asar suka zubar, suka ɗauraye, suka sake ɗaurayewa, bido bayan bido, har ruwan ya fito garau.

"Baba, duba! Kamar na randa!" in ji Cha'ibu.

"Cika ta."

Ya cika. Suka tsuguna su biyu suna leƙen ƙarƙashi. Ɗigo ya faɗo kan yashi. Wani ya biyo. Kafin a jima ruwa na tsiyaya ta ko'ina kamar an ɗura shi a rariya. Wani sanyi ya sauka a ƙirjin Mamman, ya yi maza ya ɗaure fuska.

"Na hwaɗa maku," ya ce.

Cha'ibu ya daɗe yana kallon yashin. Ya goge hannu a wando.

"Ba komi, Baba. Kamiyon Mudassir na tashi ran Alhamis daga Tasawa. Ya ce akwai wuri bisa kaya."

Ya tattara bidon ya shige gida. Mamman ya bi shi da kallo. Bisa kaya. Da Kaka aƙalla sitiyari na hannun yaron, in ya gaji ya tsaya, in ya ga ba daɗi ya juyo. Shi ne da hannunsa ya kashe wannan, ya bar masa saman kamiyo.

Washegari ya kwance lagireton shi kaɗai, ya ɗaure a bayan kabu-kabu sai Tasawa, rumfar Lazaru mai liƙin dalma, Kirista, abokinsa tun suna yaran mota.

Lazaru ya ɗaga shi ya duba ta hasken rana. "Wa ya yi wanga aiki?"

"Ni."

"Kai? Tun gashina na baƙi nike roƙonka a wanke, kana ce min arne bai san mota ba. Yau kuma mi ya hwaru, tsohon banza?"

"Liƙa min kawai. Kahin Alhamis."

"Mi ke akwai Alhamis?"

Mamman ya gaya masa a taƙaice. Lazaru ya ajiye lagireton a hankali, ya dube shi.

"Ka san za ya ɓule, ka zuba tsamiya."

"Tsatsa ta yi yawa."

"Uhm. To ka ce mishi kar ya tahi mana."

"Da wane baki?"

Lazaru ya hura gawayi, ya ɗora ƙarfen liƙi. Wasu bututun sun ci har ba sa karɓar dalma, waɗannan ya datse ya toshe bakinsu gaba ɗaya. Duk sanda ya gama wani sashe sai ya tsoma lagireton a baho, ya toshe baki ɗaya ya hura ɗayan, Mamman kuma ya durƙusa yana neman kumfa. Ya ga ɗaya, ya nuna. Aka liƙe, aka sake tsomawa, ya sake gani.

"Wannan ba kumhwa ba ce, hannunka ke rawa cikin ruwan," in ji Lazaru. "Hidda shi."

Ran Laraba, da aka mayar da lagireton, suka gwada Kaka, Cha'ibu na tuƙi, Mamman a gefe idonsa kan allurar zafi. A cikin yashin nan da Kaka ta saba tafasa allurar ta hau, ta hau, ta tsaya a tsakiya. Suka kai Tasawa, suka dawo. Mutanen majalisa suna zaune, sun gani.

Da safen tafiya Mamman bai fito rakiya ba. Ƙullin garin kuka ya miƙa wa Zara'u ya ce, "Ba yaron nan. Ki ce cokali guda, kada ya wuce, kuma ya bi ayari, kada ya yi gaba shi ɗaya."

"Yana ƙofa, Malam. Taku nawa ne?"

"Ki dai ba shi."

Sai da ƙarar injin ta ɓace ya fito. Ya je inda Kaka ta kwana, ya durƙusa, ya shafa yashin da tafin hannu daga wannan sawun taya zuwa wancan. A bushe yake. Ya tona da yatsa ko danshi ya shige ƙasa, nan ma babu. Zara'u ta kira shi shan kunu, ta ce yau ba tsamiya, sai haƙuri. Ya ce yana zuwa, ya matsa gaba kaɗan ya sake shafawa.