Ba Mai Riƙe Min Ƙarfe

Yau ina haɗa ƙyauren wani gida a shagona na walda a Dilimi cikin Jos, sai na ce, "Habu, riƙe min nan." Shiru. Sai da ƙarfen ya zame ya faɗi na tuna Habu ba ya Jos.

Ƙanina ne, tare muka koyi sana'ar. Bara ya tafi bakin teku, inda aka tara masu ƙera jiragen ruwa da masu gyaran inji da masu fenti wuri ɗaya.

Na kira shi a waya. Ina jin ƙarar guduma ta ko'ina a bayansa.

Ya ce, "Yaya, ka taho mana. Nan aiki ba ya yankewa. Kafin ka ce a riƙe maka, wani ya riƙe."

Na ce, "To Inna fa? Wa zan bar wa ita?"

Muka yi sallama, na ajiye wayar.

Na danne ƙarfen da bulo na ci gaba. Bulo yana riƙewa, amma ba ya hira.

An ce wurin da Habu ya tafi zai ɗaga arzikin ƙasa, ban musa ba. Ku da naku suka tafi, wa ke riƙe muku?